Naƙasassun Jibiya: Doka Tana Abuja, Ɗawainiya Tana Ɗakin Uwa

Yau za mu ɗauke ki ne zuwa bakin iyaka, garin Jibiya na jihar Katsina, domin mu duba halin da wasu bayin Allah suke ciki, waɗanda da wuya a ce babu irinsu a gidanku ko a cikin danginku. Wata ɗanta ne shan inna ya kama tun yana rarrafe, wata 'yarta ce sanƙarau ya toshe wa kunne, wata surukarta ce ido ya mutu, wata kuma mai gidan ne kacokan ya faɗi a kan babur bai ƙara taka ƙafarsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 mutum 16 cikin kowane 100 a duniya suna fama da wata naƙasa mai nauyi, wato kusan mutum ɗaya cikin shida ke nan. Mu nan Nijeriya rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006, don haka duk wanda ya zauna yana kasafta wa naƙasassu kuɗi, da kintace yake yi.

Idan ba ki taɓa zuwa Jibiya ba, gari ne da ke yamma da birnin Katsina, a kan hanyar da ta bi ta Magama ta tsallaka Ɗan Isa ta nufi Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, ga auratayya ta sarƙe su, har za ki ga mace ɗakinta yana Nijeriya mahaifiyarta tana Nijar. Arzikin garin kuwa a kan hanyar yake. Mota ta tsaya, ɗan dako ya samu, mai abinci ta samu, ɗan canji ya juya naira da sefa, mai shayi ya samu. A gefen wannan hada-hada ne naƙasasshe yake tsintar abin kai wa bakin salati: gurgu mai keke da ke sayar da mai a kwalba, mai cajin waya, mai gyaran takalmi, kurman da ke faci, makahon da ke zaune a bakin tasha yana jiran sadakar matafiya. Wannan kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ake ganinsa ba. A Jamhuriyar Benin an daɗe da sanin guragu da tuƙa babura masu ƙafa uku da aka mayar tankin mai, suna jigila daga iyakar Nijeriya, haka nan tsakanin Kinshasa da Barazabil naƙasassu sun yi suna wajen fataucin tsallaka kogi. Iyaka takan ɗauki wanda ofis ya ƙi ɗauka.

To, a nan ne nake so ki lura da wani abu. A ƙasashen Turai idan aka ce an zabge tallafin naƙasassu, ana nufin akwai wani kuɗi da ke shiga asusun mutum duk wata, gwamnati ta zo ta rage shi, a yi ta muhawara a majalisa da gidajen talabijin. Naƙasasshen Jibiya yawanci ba shi da irin wannan kuɗin da za a rage masa. Abin da ke riƙe da shi shi ne iyaka a buɗe, da mai mai araha, da ɗan abin da ƙungiyoyin agaji ke kawowa, sai kuma aljihun 'yan'uwa. Duk waɗannan an taɓa su ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan shekarun nan, kuma ba a taɓa kiran abin da sunan zabge tallafi ba, balle a nemi jin ta bakinsa.

Yadda Aka Riƙa Janye Tabarmar

A watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A Nuwamban shekarar aka ƙara da hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, kuma Jibiya tana ciki. Da aka tashi buɗewa a Disambar 2020, an buɗe Illela da Maigatari da Seme da Mfum, aka bar Jibiya a rufe har sai Afrilun 2022. Ki ƙirga da kanki, shekara biyu da wata takwas. Mai ƙafa yakan bi ta ɓarauniyar hanya cikin gonaki ya nemo abin da zai ci, ko ya tattara ya tafi ci-rani Kano ko Legas. Mai keken guragu fa, ta wace gona zai bi? Yashi kaɗai ya ishe shi. Akwai kuma asibitin Danja da ke kudu da Maraɗi, wanda ya yi suna wajen kula da masu kuturta da mata masu yoyon fitsari. Rufe iyaka ya sa abin da ke kusa ya koma nesa.

Ana cikin wannan sai matsalar 'yan bindiga ta tsananta. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, a Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da Jibiya, aka shafe watanni babu sadarwa. Mai cajin waya da mai sayar da kati sai suka naɗe hannu. A Maris na 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin garin Jibiya da ƙafa bayan an janye sojojin da ke ƙauyen. Uwargida, ki ɗan tsaya ki sa kanki a matsayin matar da ke da goyo a baya, ga yaro ɗan shekara goma da ba ya tafiya, ga tsohuwa makauniya, an ce a gudu. Wa za ta ɗauka, wa za ta bari? Irin wannan tambayar ce ta faɗa wa iyaye mata a daren ambaliyar Yulin 2018, lokacin da ruwa ya ci mutane fiye da 40 a Jibiya. Mun ji ana ta ƙirga gidaje da dabbobin da aka yi asara, amma ba kasafai ake ware kurman da bai ji ihu ba, ko gurgun da kekensa ya tafi da ruwa.

Farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun naira saboda canjin kuɗi, ranar da hamsin da ɗari suka ɓace daga hannun mutane, kuma da su ake sadaka. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoban 2024 ta haura 1,000. Tsadar mai kowa ta taɓa, amma ba daidai ta taɓa kowa ba. Mai lafiya in kuɗin mota ya gagare shi sai ya taka. Uwar yaron da ba ya iya zama da kansa kuwa kujera biyu za ta biya zuwa Katsina, wani lokacin uku, kafin a zo maganar asibitin ƙashi na Dala a Kano, ga shingayen bincike barkatai a hanya da ke ƙara wa direba kuɗi shi kuma ya ɗora wa fasinja. Bayan wata biyu kacal, ranar 26 ga Yuli 2023, sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame Magama har zuwa Maris 2024. Tsugune ba ta ƙare ba.

An ce za a rage raɗaɗi. A Oktoban 2023 aka ƙaddamar da shirin ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 duk wata har wata uku, a madadin naira 5,000 ɗin zamanin Buhari da yawancin masu karɓarta mata ne. Ba a je ko'ina ba, a Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan zargin karkatar da naira miliyan 585 zuwa wani asusu na ƙashin kai, sannan shugaban ƙasa ya dakatar da shirye-shiryen tallafin baki ɗaya, har da ciyar da 'yan firamare. Zargin yana kan manya a Abuja, hukuncin ya sauka a tukunyar talaka. Da aka dawo da rabon kuɗin sai aka gindaya sharaɗin lambar NIN da asusun banki. Manufar tana da kyau, domin a toshe sunayen bogi. Amma wanda kuturta ta cinye wa yatsu da me zai dangwala? Matar da ba ta iya fita sai an ɗauke ta, wa zai kai ta layin rajista ta yini?

Na ƙarshe ya zo ne daga ƙetare. A Janairun 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta tsayar da agajin da take ba ƙasashen waje, a Yuli aka rufe hukumar USAID, Birtaniya ita ma ta sanar da rage nata. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ke jinyar yara masu tamowa a jihar Katsina tun 2021, ta bayyana cewa yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar cikin wata shida na farkon 2025, ta kuma danganta ƙamarin abin da janyewar masu ba da agaji. Kina iya cewa ina ruwan tamowa da naƙasa? Ai uwa da 'ya ne. Yaron da yunwa ta ci tun yana jariri kan tashi da rauni a jiki da ƙwaƙwalwa, yaron da aka haifa da lalura kuma, musamman wanda ba ya iya tauna ko haɗiya sosai, shi ne yunwa ke fara kayarwa.

Abin Da Doka Ta Ce

Abin takaicin shi ne duk wannan yana faruwa alhali akwai doka mai kyau a rubuce. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, Nijar ma ta riga mu, tun 2008. Bayan shekaru ana kai-kawo a majalisa, Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ranar 23 ga Janairu 2019. Ki riƙe abin da ke ciki, domin da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sa ba. Duk wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa zai biya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne naira miliyan ɗaya. Naƙasasshe yana da haƙƙin ilimi kyauta har ƙarshen sakandare. Mai lalurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati. A layi, shi ake fara sallama. Hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. An haramta amfani da naƙasasshe wajen bara. An kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su yi gangaren da keken guragu zai hau, wa'adin da ya cika tun Janairun 2024.

In Allah ya kai ki Magama, ki dubi ofisoshin da ke wurin, waɗanda na gwamnatin tarayya ne, ki dubi makarantar unguwarku da asibitin da kike zuwa awo, ki gani da idonki ko an cika wa'adin. Dokar ta kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020. A 2024 aka naɗa mata Ayuba Gufwan, mutumin Filato da shan inna ya kama tun yana yaro, wanda ya shafe shekaru yana ƙera kekunan guragu yana rabawa. Mai ɗaki ne, ya san inda yake masa yoyo. Sai dai hukuma tana Abuja, kuma makarantun firamare da ƙananan asibitoci a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke, shi ya sa jihohi suke yin tasu dokar, kamar yadda Kano ta yi a 2018. A jihar Katsina akwai makarantar makafi a cikin birni, akwai ta kurame a Malumfashi. Ki auna nisan Jibiya da Malumfashi, ki auna kuɗin mota na yau, ki gaya mini uwa nawa ce za ta iya kai 'yarta kurma ta kuma riƙa leƙa ta.

Me ya sa ake samun sauƙin taɓa rabon naƙasasshe? A ganina amsar tana cikin abin da ya faru a Ingila a 2025. A watan Maris gwamnatin jam'iyyar Leba ta fito da shirin rage kusan fam biliyan 5 daga tallafin naƙasassu da marasa lafiya. Naƙasassun suka fito ta ƙungiyoyinsu, suka addabi wakilansu da wasiƙu da zanga-zanga, har 'yan majalisa fiye da 120 na jam'iyyar mai mulki suka juya wa shirin baya. Ranar 1 ga Yuli gwamnati ta janye ɓangaren da ya fi zafi. Ba tausayi ne ya sa ta janye ba, tsoron ƙuri'a ne. Mu kuwa a nan ɗan siyasa ya fi son naƙasasshe a ranar rabon keke, a jera su a rana, a ɗauki hoto, a buga a jarida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Keken da aka raba kyauta ce ta mai girma, in ya so ya ba da, in ya so ya hana. Abin da aka rubuta a kasafin kuɗi da doka kuwa bashi ne a wuyan gwamnati, shi ya sa ba a cika son rubuta shi ba.

An taɓa gwadawa a maƙwabciyarmu Jigawa. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu alawus na naira 7,000 duk wata, mutum 150 a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 27, kuma da doka aka kafa shi. A lokacin dubu bakwai ta kusa mafi ƙarancin albashin ma'aikacin tarayya, wanda yake 7,500. Shirin ya cancanci yabo, amma ki dubi yadda kuɗi ke narkewa in aka bar shi wuri ɗaya shekara da shekaru: a 2007 lita tana naira 70, dubu bakwai za ta sayi lita 100, a farashin ƙarshen 2024 lita bakwai za ta saya da ƙyar. Wannan ita ce zabgewar da ba ta buƙatar sanarwa a rediyo.

Kada kuma wani ya ce miki maganar haƙƙin naƙasassu baƙuwa ce da Turawa suka kawo. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma ladanin Manzon Allah (SAW) ne, shi ake bar wa jagorancin Madina in an fita yaƙi, a kansa kuma farkon Suratu Abasa ya sauka. Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya sa a rubuto masa makafi da masu ciwon da ya zaunar da su, ya sanya wa makaho ɗan jagora daga baitulmali. Daga baitulmali, uwargida, wato daga dukiyar al'umma, da rajista da tsari. A ƙasar Hausa ma mun gaji Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu kai kukan jama'arsu fada. Abin da ya rage shi ne wannan murya ta isa inda ake raba kasafi.

Duk abin da gwamnati ta sauke daga kanta, a kan mace yake sauka. Ita ce mai ɗauka da saukewa, mai wankin tsumma, mai barin sana'arta ta kwana a asibiti, wani lokacin ma har da gorin dangin miji cewa daga wajenta aka kwaso. Bayanta kuma sai 'yarta. Ki lura da masu jan makafi a tasha, yawancinsu yara ne 'yan shekara bakwai zuwa goma sha biyu, da yawa mata, a daidai lokacin da sa'o'insu ke aji. Naƙasar mutum ɗaya ta zama jahilcin mutum biyu. Ba na ɗora wa iyayen laifi, domin wanda bai ba su madadi ba bai isa ya hana su ba, amma in akwai yadda za a yi karɓa-karɓa a cikin dangi yarinyar ta samu ko rabin yini a makaranta, a yi.

Ke da Allah ya jarrabe ki da irin wannan yaro, kada ki ɓoye shi a ƙuryar ɗaki don kunya, domin wanda ba a gani ba a ƙirga shi, wanda ba a ƙirga ba kuma ba ya cikin rabo. Ki nema masa takardar haihuwa da lambar NIN tun yana ƙarami. Ki sa mai gida ya binciko shugabannin ƙungiyar naƙasassu ta JONAPWD na ƙaramar hukumarku a rubuta sunansa, tunda ta hannunsu ake bi in abu ya zo. In shugaban makaranta ya ce ba su karɓar irinsa, ki sani doka tana bayanki, ki kai maganar gaba. Ranar zaɓe ma dokar zaɓe ta 2022 ta tanadi a taimaka wa naƙasasshe ya jefa ƙuri'arsa, har da takardar rubutun makafi, don haka in masu neman kujera sun shigo gida da atamfa da sabulu, a tambaye su nawa suka rubuta wa naƙasassu a kasafi, kuma nawa aka fitar. Kada kuma a yi wasa da rigakafi. Yawancin guragun da kike gani a kan keke 'yan shekara ashirin zuwa sama shan inna ne ya kama su, wasunsu a shekarun 2003 da 2004 da aka ƙaurace wa allurar a Arewa. An tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka ranar 25 ga Agusta 2020, amma ana ci gaba da ɗiga wa yara maganin saboda wani nau'inta da bai gama ɓacewa ba, kuma garin iyaka irin Jibiya, inda ake shiga da fita, ya fi ko'ina buƙatarsa.

Akwai wani aiki da ya kamata matan Jibiya da ƙungiyoyinsu su sa wa ido tun yanzu. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Aikin gwamnatin tarayya ne, don haka dokar 2019 ta hau kansa kai tsaye: tashar ta zama keken guragu zai iya shiga, a tanadi banɗakin da zai ɗauke shi, a kuma ware kashi biyar ɗin nan na ma'aikata. Wakilan Jibiya a majalisar jiha da ta tarayya suna da ofis, hakimi yana da fada, kuma takardar koke ba ta fi shafi ɗaya ba.